Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Kifin Tafkunan Ƙanƙara Ma Yana Da Guba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. A fitowar da ta wuce na ce za mu duba wasiƙar wata baiwar Allah kan maganar kifi, to kafin in zauna in amsa sai ga wasu sun turo nasu a kan batun, don haka kifi ne ya cinye filin yau gaba ɗaya. Masu tambayar hawan jini da ciwon ƙoda ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam ya aiki ya iyali. Dan Allah ɗana ne yake karatu a Kanada wani gari wai shi Thunder Bay, bara ya zo ya ɗauki matarshi yanzu haka tana da juna biyu wata biyar. To ya samu abokai turawa da suke zuwa kamun kifi, wai ruwan ne ke daskarewa su hau kai su huda rami su zura fatsa, kullum yana turo mani hotuna riƙe da manya manyan kifaye ni har daɗi nake ji nace Alhamdulillahi ga abinci kyauta ga mai ciki. Sai shekaranjiya ita yarinyar ta kira ni tace nas ɗin wajen awo ta tambaye ta irin kifin da take ci, da ta faɗa mata sai tace ta rage wai akwai guba a ciki. Ni abin ya ɗaure mani kai, ruwan da nake gani a hoto garai garai, ba bola ba kwata ba masana'anta daji ne kawai da ƙanƙara, to guba daga ina? Ko dai irin tsirfar turawa ce? Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raba lafiya ya raya abin da za a samu. Ba tsirfa ba ce wallahi, nas ɗin nan gaskiya ta faɗa mata, kuma ta kyauta da ta tambaya, don ba kowa ne zai tuna ya tambayi baƙuwa ko tana cin kifin tafki ba.

Gubar da take nufi zaiba ce, wannan ruwan ƙarfen mai ƙyalli da ke cikin tsinken awon zafin jiki irin na da, wasu na ce mata makuri. Abin da ya raba ta da sauran ƙarafa shi ne tana tashi ta zama tururi, ba wari ba launi, kuma in ta shiga iska tana iya yin wata shida har shekara guda tana yawo kafin ta sauko. To a shekara guda ina ne iska ba ta kaiwa? Ke dai duba hazon hunturu da ke rufe mana gari har a kasa hango hasumiyar Gobarau, ai ba ƙurar Katsina ba ce, yawancinta daga arewacin Chadi iska ke kwaso ta, wata ma har ta tsallake teku ta je ta sauka a Kudancin Amurka. Haka zaiba take, sai dai ita ido ba ya ganinta. Wanda ya ƙona kwal a tashar wutar lantarki a Chaina ko Indiya, da wanda ya ƙona zinaren da aka cuɗa da zaiba a dajin Ghana ko Peru ko nan kusa da mu, hayaƙinsu na iya ƙarewa a tafkin da ko hanyar mota babu a arewacin Kanada. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2015 kaɗai ɗan Adam ya saki zaiba kusan tan 2,220 cikin iska, wajen kashi 38 cikin 100 daga ƙananan masu haƙar zinare, kashi 21 daga ƙona kwal, sauran daga kamfanonin siminti da narkar da ƙarafa da ƙona shara da makamantansu.

Tana saukowa ne da ruwan sama da dusar ƙanƙara, wata kuma ganyen itatuwa da ciyayi ke zuƙe ta daga iska, in ganyen ya zube ya ruɓe sai ta zauna a ƙasa. A 1995 masu bincike a Alert, wani sansani da ke can ƙurewar arewacin Kanada, sun lura da wani abin mamaki, duk lokacin da rana ta fara dawowa bayan dogon duhun hunturu sai zaibar da ke iska ta ragu kwatsam, ashe sauka take yi a kan ƙanƙara. In ƙanƙara ta narke kuma ina za ta? Rafi, kogi, tafki.

Amma har nan ba a zo wajen matsalar ba. A ƙasan tafki, cikin laka da dausayi inda iska ba ta shiga, akwai wasu ƙananan halittu, bakteriya, su ne ke juya ta zuwa wani nau'i da ake kira zaibar metil, wannan ita ce muguwar, don tana manne wa tsokar duk abin da ya ci ta, shigarta da sauri fitarta da wuya. Ƙananan tsirran ruwa su ɗauka, ƙwarin ruwa su ci tsirran, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, babban kifi ya yi ta haɗiye ƙanana shekara da shekaru, duk wanda ya ci wani ya gaji abin da ke jikinshi ya ɗora kan nashi. Kafin a kai kan babban kifi mai farauta, abin da ke tsokarshi zai iya ninka na cikin ruwan sau miliyan. Shi ya sa Hajiya za ki iya ɗibar ruwan ki sha zaibar cikinshi ba za ta yi maki komai ba, amma kifin da aka ciro daga cikinshi a ce mai ciki ta yi hattara.

Sanyin kau shi ke ƙara dagula lissafi. Tarwadar da ake kiwo a nan wata biyar zuwa shida ta isa sayarwa, ba ta ma samu lokacin tara komai ba. Can kuma ruwa na yin rabin shekara a rufe da ƙanƙara, abinci kaɗan, girma a hankali, akwai kifin da suke kira tirawut na tafki da ke yin shekara 20, 30, wani har ya haura 40. Kifin da ɗanki ke ɗagawa yana murmushi a hoto ba mamaki ya girmi aurenshi nesa ba kusa ba, kuma duk shekarun nan tarawa yake. Sannan yawancin tafkunan yankin dausayi da dajin itatuwa ne ke kewaye da su, ruwan wasu ma ja-ja ne saboda ruɓaɓɓen ganye, ga ɗan tsami, irin wannan ruwan shi bakteriyar nan suka fi jin daɗin aiki a ciki. Haka abin yake a Suwidin da Finlan da Norwe da Rasha da Alaska. A Suwidin hukumar abinci tasu ta ce mai ciki da mai shayarwa kar su ci irin waɗannan kifayen tafki masu farauta fiye da sau biyu ko uku a shekara. A shekara fa, ba a wata ba.

Dalilin da ya sa aka fi matsa wa mai ciki shi ne zaibar metil tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, kuma ƙwaƙwalwa take nufa a daidai lokacin da ake gina ta. Duniya ta koyi wannan ne da hawaye a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan kamfanin Chisso ya daɗe yana zubar da dagwalonshi a bakin teku, kyanwowi suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa, sai mutane suka fara jin hannu da ƙafa da leɓe sun mutu, gani ya ƙuntata, tafiya da tangaɗi, magana ba ta fita daidai. Abin da ya fi tayar da hankali, uwa za ka gan ta lafiya lau amma ta haifi yaro da ƙwaƙwalwa a lalace. Kar hankalinki ya tashi, wancan guba ce mai yawan gaske ta masana'anta, ba a kwatanta ta da kifin da ake ci jefi jefi. Abin da ake gudu a ƙaramin mataki shi ne ɗan tasiri a kan koyo da magana da riƙe abu, wanda ba za a gani da ido ba, kuma kauce mashi ba wuya.

Ki sani kuma jihar da ɗanki yake, Ontariyo, suna da nasu tabon. Yamma da Thunder Bay akwai wani gari Dryden, tsakanin 1962 da 1970 masana'antar sinadarai ta kamfanin takarda da ke garin ta zubar da zaiba wajen tan tara zuwa goma a kogin Wabigoon. A gangaren kogin akwai 'yan asalin ƙasar, mutanen Grassy Narrows da Wabaseemoong, kifi ne abincinsu kifi ne sana'arsu, a 1970 aka hana kamun kifin sayarwa, rana ɗaya gari ya rasa aiki kuma ga ciwo. Wani likita daga Japan, Masazumi Harada, wanda ya yi aiki da mutanen Minamata, ya je can a 1975 ya ga alamun da ya sani. Sai a 2017 gwamnatin Ontariyo ta ware dalar Kanada miliyan 85 don gyaran kogin, shekara kusan 50 bayan ɓarnar, kuma har yau mutanen na fama. To kin ga nas ɗin da ta tashi a wannan yankin ba za ta ɗauki maganar kifi da wasa ba.

Yanzu abin yi. Gwamnatin Ontariyo tana da littafin jagora na cin kifi, kyauta ne yana intanet, tafki-tafki aka bi, ka sa sunan ruwan da ka yi kamu da irin kifin da tsawonshi, ya gaya maka sau nawa za ka ci a wata, kuma layi biyu ne, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya na matan da ke shekarun haihuwa da yara 'yan ƙasa da 15. Ki ce wa ɗanki ya riƙa tafiya da tef ɗin awo. Manyan faik, wannan dogon mai baki kamar na agwagwa da haƙora, da manyan walai, shi ma wani kifi ne mai farauta, da tirawut na tafki, ya ɗauki hotonshi ya mayar da su ruwa, ko in zai ci ya ci shi kaɗai daidai ƙa'ida. Ƙanana da masu cin ƙwari irin farin kifin tafki sun fi sauƙi. Ita kuma kar ta ce ta bar kifi gaba ɗaya, wannan ma asara ce, man kifi na taimakon ƙwaƙwalwar jariri, ta nemi salmon da sadin da shawa a kanti, zaibarsu kaɗan ce.

Ga ɗan lissafi don ya shiga kanshi, tunda ɗan boko ne. Kwamitin masana na WHO da FAO, hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun sa iyakar zaibar metil maikurogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin mutum a mako. Mace mai kilo 60 ke nan 96. Kifin da ke da miligiram 0.5 (wato maikurogiram 500) a kilo, wanda shi ne iyakar da Kanada ta sa wa yawancin kifin kasuwa, in ta ci giram 200 ta sha 100, faranti ɗaya ya cinye kason mako duka. Manyan faik na wasu tafkunan kuma suna wuce 0.5 ɗin. Abin da ta riga ta ci ba abin kuka ba ne, jiki na fitar da rabin abin da ke cikinshi a wajen wata biyu, in ta canza yanzu zai yi ta raguwa, in kuma hankalinta bai kwanta ba ta roƙi likitanta a auna jini ko gashi.

TAMBAYA: Malam ni sana'ata sayar da banda a babbar kasuwa. In aka kyafe kifi da wuta sosai ko aka soya shi ƙarau ai duk wata guba ta mutu ko? Daga wani ɗan kasuwa, Katsina.

AMSA: Alhaji Allah ya ba da kasuwa, amma a'a. Wuta na kashe ƙwayar cuta da tsutsa saboda rai gare su, zaiba kuwa ƙarfe ce ba ta da ran da za a kashe. Kuma a tsoka take maƙale ba a kitse ko fata ba, don haka fere fata, zubar da mai, wanki da lemun tsami ko ruwan zafi, duk ba sa cire ta. Kyafewa ma ruwa kawai take korewa, kifin ya rage nauyi gubar na nan yadda take, wato a kilo ɗaya na busasshe za a samu fiye da kilo ɗaya na ɗanye. Ba kuma a gane ta da wari ko ɗanɗano, sai a ɗakin gwaji. Amma ban ce bandarka na da matsala ba fa, karanta amsar da na ba malamin Daura a ƙasa. Ni abin da ya fi damuna da banda shi ne masu fesa mata maganin ƙwari don kar ta yi tsutsa, wannan kam ku ja wa junanku kunne a kasuwa.

TAMBAYA: Dan Allah Malam to kifin ƙanƙara da muke saye a kwali fa, naji ance daga ƙasashen sanyi ake kawo shi, mu daina ci kenan? Yara na basa cin abinci in ba shi. Daga maman yara huɗu, Rafin Daɗi.

AMSA: Maman yara ci gaba da soya abinki. Titus da shawa da kote duk kifin teku ne ba na tafki ba, ƙanana ne, ba sa daɗewa a duniya kamar waɗancan, kuma abincinsu ƙananan halittun ruwa ne, suna cikin kifayen da ake ba masu ciki shawarar ci ma. Sadin na gwangwani haka. Busasshen kifin nan mai tauri da ake kawowa daga Norwe, wanda 'yan kudu ke kira okporoko, shi ma daga teku yake. A teku waɗanda ake gudu su ne manyan mafarauta, kifin shak da mai dogon baki kamar takobi da manya manyan tuna, su kuma ba su ne ke cikin kwalin da ake saukewa a kasuwarmu ba. Abin da za ki sa wa ido a kifin ƙanƙara shi ne wanda ya narke aka sake daskarar da shi saboda rashin wuta, in kin ga ya yi laushi ko ido ya lotsa ko wari ya canza, bar mashi kayanshi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni malamin makaranta ne amma gidanmu masunta ne, muna kamu a dam ɗin Sabke da Daberam wani lokaci har Zobe muke zuwa. Na taɓa jin cewa dam na ƙara wannan guba a kifi, gaskiya ne? In gaskiya ne mu ina muka tsaya? Daga wani malami, Daura.

AMSA: Malam abin da ka ji yana da tushe. In aka tare kogi ruwa ya hau kan daji, ciyawa da ganye da saman ƙasa duk su nutse su fara ruɓewa, iska ta ƙare a ƙasan ruwan, bakteriyar da na ambata su samu abinci har ya yi masu yawa, sai su juya tsohuwar zaibar da ke kwance a ƙasar. An ga haka ƙarara a arewacin Kebek ta Kanada lokacin da aka gina manyan madatsun wutar lantarki a kogin La Grande daga shekarun 1970, zaibar kifi ta ninka sau da yawa, ƙabilar Cree da ke rayuwa da kifin aka ce su rage ci, kuma sai da aka ɗauki shekara 20 zuwa 30 kafin abin ya koma kusa da yadda yake. Saboda wannan darasin ne a 2016 mutanen Labrador, a gabashin Kanada, suka yi zanga-zanga, wasu har da yajin cin abinci, kan dam ɗin Muskrat Falls, suna neman a share itatuwa da saman ƙasa kafin a cika ruwa.

To mu namu da bambanci ta fuska uku. Madatsunmu sun kwana biyu, Zobe tun 1983 aka gama shi, wato lokacin tashin abin ya wuce. Ƙasar da ruwan ya hau jigawa ce da rairayi, ba irin dausayin can mai kaurin ruɓaɓɓen ganye na dubban shekaru ba. Sannan kifinmu na girma da sauri saboda zafi, ga masunta ba sa barinshi ya tsufa, wannan kam kun fi ni sani. Binciken da aka yi a ruwayen Afirka da dama ya nuna yawancin kifin na ƙasa da iyakar 0.5, inda ake samun hauhawa shi ne kusa da wuraren wankin zinare. Don haka ƙarfasa da bargi da ƙananan tarwada a ci a ƙoshi. Ƙa'idar dai ɗaya ce ko'ina, mai cin 'yan uwanshi kuma ya tsufa shi ke tarawa, in Allah ya ba ku ƙaton giwan ruwa ko tsage, ba haramun ba ne, amma kar a ce kullum shi za a riƙa ɗura wa mai ciki don ana sonta. Kuma in kun ga an fara wankin zinare a rafin da ke zuba cikin dam, ku kai magana wajen sarkin ruwa da hukuma tun da wuri, kar a jira.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne ina karanta ilimin ƙasa, malaminmu yace ɗumamar yanayi zata saki guba daga ƙanƙarar arewa. Ni dai gani nake turawa ne suka ɓata duniya yanzu kuma suna so mu tayasu kuka, mu da muke fama da tsadar masara me ya haɗa mu da kifin Saberiya? Daga wani ɗalibi, Dutsin-Ma.

AMSA: Ƙanena ka yi dariya da ni, kuma rabin maganarka gaskiya ce, tsohuwar zaibar da ke yawo a duniya yawancinta masu masana'antu ne suka sake ta tun ƙarni biyu da suka wuce. Amma malaminka bai yi ƙarya ba. A Saberiya da Alaska da arewacin Kanada akwai ƙasar da ta daskare dubban shekaru ba ta narkewa ko da rani, cikinta cike da tsoffin tsirrai da zaibar da suka zuƙa. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa abin da ke ƙasar wannan yankin ya kusa ninka na sauran ƙasar duniya da teku da iska in an haɗa, waɗanda suka zo daga baya sun ce adadin bai kai haka ba, amma ba wanda ya ce kaɗan ne. Yankin kuma yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya tun daga 1979, gaɓar koguna irin Yukon da Mackenzie na zaftarewa cikin ruwa, sabbin dausayi na buɗewa, ga gobarar daji, ta Kanada a 2023 ta cinye wajen hekta miliyan 15, ita ma tana mayar da zaibar ƙasa cikin iska. Sai dai ba lissafin ɗaya da ɗaya biyu ba ne, a wani tafkin ɗumi na sa kifi saurin girma sai zaibar tsokarshi ta ragu, a wani kuma ta ƙaru, shi ya sa suke bi tafki-tafki suna aunawa.

Waɗanda abin ke ci kuma ba masu masana'antar ba ne, Inuit ne da Cree da Dene da ire-irensu, talakawa masunta da mafarauta da kayan kanti ya fi ƙarfinsu saboda da jirgin sama ake kai masu. In ka ce masu su bar kifi me za su ci? Batun me ya haɗa mu kuwa, koma sama ka duba kason da ya fi kowane girma a hayaƙin yau, na masu haƙar zinare ne, kuma Afirka ta Yamma na ciki tsundum. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta rage zaiba a 2013, yarjejeniyar ta fara aiki a 2017, muka tabbatar da ita a 2018. In kana neman abin da za ka rubuta a furojet ɗinka ga shi nan a ƙofar gida.

TAMBAYA: Salam. Yayana yana zuwa haƙar zinare wajen Zamfara, in ya dawo wani lokaci a tsakar gida yake ƙona abin a cokali yara na kallo. Kwanan nan hannunshi na rawa kuma ga saurin fushi. Wannan ce gubar da ta kashe yara a can shekarun baya? Daga wata ƙanwa, Sabuwar Unguwa.

AMSA: Ƙanwata wannan tambayar ta fi duk na sama gaggawa. Ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum gubar dalma ce, daga ƙurar dutsen da ake daka wa a cikin gida. Ta yayanki kuma zaiba ce, ana cuɗa ta da garin dutse ta kama zinaren su dunƙule, in aka sa wuta sai ta tashi ta bar zinaren. To ina ta tafi? Hancin wanda ke riƙe da cokalin da na yaran da ke kallo, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na tururin da aka shaƙa yana shiga jini. Sauran ya lafe a bango da tufafi da katifa ya yi ta tashi a hankali. Rawar hannu, saurin fushi, mantuwa, rashin barci, ciwon dasashi, duk suna cikin alamunta, tana kuma taɓa ƙoda.

Ki samu wanda yake jin maganarshi, mahaifiya ko kawu, a gaya mashi daga yau ba ƙonawa a gida, ba a ɗaki ba a kicin, cokalin da kwanon da ya yi aiki da su kar su sake komawa cikin kayan abinci, kayan aikinshi a wanke su daban a ajiye nesa da yara. Akwai wani ɗan bututun ƙarfe rufaffe da ake kira ritot, a ciki ake ƙonawa tururin ya huce ya koma ruwa a tare shi, maƙeri ma zai iya haɗa shi da fayif ɗin famfo, kuma riba ce gare shi tunda zaibar da yake saye da tsada za ta dawo hannunshi. Sannan ya je babban asibiti ya faɗa wa likita sana'arshi ƙarara kar ya ɓoye, don a san abin da za a auna, irin wannan a fitsari ake dubawa. Yaran da suka saba zama wajen su ma a tafi da su, in akwai mai ciki a gidan ita ce farko.